Zakin Da Aka Koya Wa Ja Da Baya

Litinin, 7 ga Satumba

Yau sun kira mu. Bayan duk watannin da filin wasa ya yi a kulle saboda annobar nan, wai ran Asabar za a buɗe. Manaja ya tara mu a wurin ajiye motoci, an zana da'irori da farin fenti a ƙasa, kowa ya tsaya cikin tasa. Yana magana ta cikin takunkumi, iska tana kwashe rabin maganar. Abin da na iya tsinta: kujera ɗaya mutum, ta kusa da ita babu kowa. A auna zafin jikin kowa a ƙofa. Sannan a kan Mai Ihu, jirgin nan da ke hawa sama ya sulalo da mutane, an hana ihu, wai ihu yana watsa yawu. Mai kula da jirgin ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, to sunansa fa?" Manaja ya ce za a duba.

Da aka zo kaina ya ce Zaki zai fito, amma ban da runguma. Na zaci kunnena ne. Shekara da shekaru ina cikin rigar nan ta Zaki, kuma aikina ƙwaya ɗaya ne: yaro ya rugo, in durƙusa, in rungume shi, uwarsa ta ɗauki hoto. Na ce to me zan riƙa yi? Ya ce, "Ka ɗaga musu hannu daga nesa." Na rasa ko murna zan yi an dawo aiki ko me.

A gida 'yata Mage ce kaɗai ta yi tsalle. Shekararta huɗu, kuma har yau a saninta aikina shi ne ba Zaki abinci. Ni na gaya mata haka, don dokar sana'armu ce Zaki ba ya magana, ba ya cire kai a gaban yaro, ko da ɗan cikinka ne. Ta ce in gaishe shi, in gaya masa ta ƙara tsawo.

Kafin a kulle gari, duk yamma ina murɗa ƙofa sai in ji ƙafafunta a kan tayil, ban gama ajiye jaka ba ta ɗafe ni. Zufar rigar nan da ciwon wuya da yaran da ke jan wutsiya, duk a wannan gudun nata nake fanshewa. Gaskiya shi na fi ƙosawa in sake ji, ba filin ba.

Mamanta kuwa, da yake tana da asma, ta ɗauko abin shaƙarta daga kan firij ta sa a aljihu.

Talata, 8 ga Satumba

Horo. An ɗauko wata mata daga ofis an ɗora ta kan sababbin dokoki, kafin rana ta raba masu shara sun raɗa mata Madam Tazara, don kowace magana tata da kalmar take ƙarewa. Ba muguwa ba ce. Ita ma tsoro take ji, kana ganinsa a yadda take murza man wanke hannu kamar za ta saɓule fata.

Ta sa na shiga riga na sa kai, ita ta zama yaro. Mace da girmanta ta ware hannuwa ta rugo tana "Zaki! Zaki!", ni kuma in ja da baya ina ɗaga hannu. Karon farko sai ga ni a durƙushe na buɗe mata hannu, jikina ne ya yi, ba ni ba. Masu shara har da riƙe ciki. Ta ce a sake. Muka yi ta yi har rigar ta jiƙe sharkaf. "Kada ka tsaya tunani," in ji ta, "ka bar ƙafarka ta koya. Da ka ga an nufo ka, baya."

Dogo, wanda muke karɓa-karɓa da shi a rigar, shi safe ni yamma, ya fi ni saurin ɗauka. Ya ce shi dama ya gaji da majinar 'ya'yan mutane a ƙirjinsa.

Alhamis, 10 ga Satumba

An yi gardama a kan ko Zaki zai sa takunkumi. Manaja ya ce dole, don ya zama abin koyi. Madam Tazara ta ce wanda ke ciki ne ya kamata ya sa. Aka tashi a kan duka biyu. Telar filin ta ɗinka wa Zaki nasa da rabin zanen gado, ni kuma ga nawa a ciki. Abin da babu wanda ya tuna shi ne ta bakin Zaki nake gani, ba ta idonsa ba. Ina fitowa na rungumi kwandon shara, rungumata ta farko ke nan tun da aka dawo.

Yanzu an huda wa takunkumin Zaki ramuka biyu don in gani. Amfaninsa kuma, ban sani ba.

Asabar, 12 ga Satumba

An buɗe. Jama'a ba su kai yadda aka zata ba, amma yara sun zo. Mai gadi yana ƙofa da abin auna zafi. Duk wanda ya daɗe a layi cikin rana sai ya nuna zazzaɓi, sai a ce ya koma inuwa ya huce ya dawo. To in mai zazzaɓin gaske ne ya huce a inuwar fa? Ban tambaya ba.

An kewaye ni da jar igiya kusa da dawakai masu juyawa. Manya sun san igiya. Ɗan shekara biyu bai san ta ba, ta ƙasa yake bi. Na ja baya, ya biyo ni, na ƙara ja, ya ɗauka wasa ne. Haka muka yi ta zagaye, Zaki a gaba, ɗan mitsitsin yaro a baya da robar ruwa a hannu, har ubansa ya cafke shi. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan wane irin zaki ne, yaro na korarsa?"

Daga wajen Mai Ihu kuwa ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe da wani irin gurnani, mutane suna haɗiye ihunsu. Wallahi ya fi ihun ban tsoro.

Lahadi, 13 ga Satumba

Na murɗa ƙofa, na ji ƙafafun. Mamanta ta riga ni: "Mage, tsaya! Baba zai yi wanka tukuna." Ta ci birki a tsakiyar falo, hannuwa a sama. Na raɓa ta gefe na shige banɗaki, ta zauna a bakin ƙofa tana tambaya ko Zaki ya cinye abincinsa, ko ya tambaye ta. Da na fito na ɗauke ta, sai dai gudun ya riga ya huce. Ba komai, ai ta zo.

Laraba, 16 ga Satumba

Jan wutsiya taɓawa ne ko ba taɓawa ba ne? Madam Tazara ta ce taɓawa ne, Manaja ya ce wutsiya ba mutum ba ce, ni kuma da ake ja ba a tambaye ni ba.

Asabar, 19 ga Satumba

Kan Zaki ɗaya ne, mu biyu ne. Duk dokokin da aka manna a bango babu wadda ta tuna da wannan. Dogo ya cire shi da rana, jiƙe da numfashinsa, a fesa masa magani, a jingine shi a rana na ɗan lokaci, in zura nawa kan. Maganin yana sa hawaye, gashin goshin Zaki har ya fara yin fari, ya zama dattijo. Na yi wa Manaja magana, ya ce an yi odar sabon kai amma kaya ba sa shigowa yanzu, in yi haƙuri.

Dogo yana tari yau. Ya ce feshin ne. Ni ma feshin yana sa ni tari, to.

Talata, 22 ga Satumba

Dogo bai zo ba. Ni na yi safe, ni na yi yamma.

Laraba, 23 ga Satumba

Cutar ce. Madam Tazara ta kira ni bayan ɗakin canja kaya, ta tsaya nesa fiye da yadda ta saba, tun nan na gane. An gwada Dogo an samu. Ta ce in tafi asibiti yanzu. A hanyar fita na haɗu da Manaja, ya ce ba sai na tada hankali ba, ai duk filin nan babu wanda ya kai ni rufuwa, daga kai har ƙafa. Na ce ranka ya daɗe, a cikin rufin ne cutar take. Ina jin sai lokacin abin ya faɗo masa.

A asibiti an zura min tsinke a hanci har na ga taurari. Nas ta ce in killace kaina a gida, kada in kusanci kowa, musamman mai ciwon ƙirji. Na ce matata tana da asma, ɗakunanmu biyu ne da falo. Ta ce, "To ka yi iya ƙoƙarinka." Na kira Maman Mage tun daga hanya, kafin in iso ta kwashe tarkacen ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa min katifa.

Abin da nake so in rubuta shi ne wannan. Na murɗa ƙofa, mamanta tana kicin, ba ta ji ba balle ta ce tsaya. Mage ta taho a guje. Ban yi tunanin cuta ba, ban yi tunanin komai ba, kawai na tsinci kaina a waje bakin ƙofa, hannuna a sama ina kaɗa mata. Ƙafata ta koya. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka sabon wasa ne. Daidai na yi, na sani. Amma ba ni na yi ba, kuma wannan ne ya dame ni.

Juma'a, 25 ga Satumba

Ɗakin yana warin tsohon takalmi da fenti. Ana ajiye min abinci a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa. Ba zazzaɓi, ba komai, sai ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro da ban san ko na feshi ba ne, ko na tsoro, ko na cutar. Ina shinshinar sabulu lokaci-lokaci don in ji ko hancina yana aiki. Duk sanda Maman Mage ta yi gyaran murya a falo sai in daina numfashi in saurara.

Mage ta gano akwai rata a ƙasan ƙofa. Ta zuro 'yan yatsunta tana motsa su: "Baba, kama." Na zauna ina kallonsu, farcen ɗaya ya yi baƙi da ƙasa. Na ce anjima. Ta ce anjima ta yi. Na ce wata anjimar. Can suka janye.

Talata, 29 ga Satumba

Sakamako ya fito, ba a ga komai ba. Na fara hamdala sai nas ta ce kada in saki jiki, wataƙila an yi gwajin da wuri, in dawo a sake. Na ce to ina da ita ko ba ni da ita? Ta ce, "Ba a gani ba." Na ce in fito daga ɗaki? Ta ce da dai na ƙara haƙuri. Na ce in koma aiki? Ta ce wannan tsakanina da wurin aikina ne.

Manaja kuwa tun safe yake kira. Filin ba Zaki, iyaye suna tambaya, an wanke kan an shanya shi kwana da kwanaki, takardata ta ce lafiyata lau, me nake jira? Ya ɗan tuna min da cewa akwai masu neman aikin. Na tambayi Maman Mage ta bayan ƙofa, ta ce, "Ni ban sani ba, Baban Mage. Ni dai tsoro nake ji." Ni ma shi nake ji.

To ga yadda aka tsaya: a wurin aiki ni lafiyayye ne, a gida ni majinyaci ne.

Alhamis, 1 ga Oktoba

Na koma aiki, na kuma biya asibiti a hanya an sake zura min tsinken. Da na dawo na murɗa ƙofa ban ji ƙafafu ba. Mage tana bayan kujera tana leƙe, na bi jikin bango na shige ɗakina. Na ji tana tambayar mamanta wane laifi Baba ya yi aka sa shi a ɗaki. Haka muke mata in ta yi rashin ji.

Asabar, 3 ga Oktoba

Ƙanwata ta zo gida da rana, ta tarar Mage ta ƙi cin abinci, ta ce bari ta fita da ita ta sha iska. Ba ta gaya min ba. Ita a nata tunanin alheri ta yi, tunda yarinya ba ta samun ubanta, a kai ta ta ga Zakinta.

Ina cikin igiyata ina kaɗa hannu sai na hango rigar nan ta Mage mai ruwan ɗorawa ta cikin ramukan takunkumi. Kafin in tabbatar ta fizge hannunta daga na gwaggonta. Ban taɓa ganin gudunta daga nesa haka ba, kullum daga ƙofa zuwa falo ne. Takunkuminta ya zame ya koma haɓa, tana "Zaki, na ƙara tsawo! Zaki!" Ta sunkuya ta wuce igiya ko taɓa ta ba ta yi ba.

Na ja baya. Ta ƙara matsowa, na ƙara ja. Ban san me ke cikin kaina ba, komai ne a ciki lokaci ɗaya, kan da Dogo ya yi numfashi a ciki, ƙirjin mamanta, nas da "ba a gani ba" ɗinta, Madam Tazara tsaye kusa da dawakai tana kallo. Ko kuma babu ko ɗaya, ƙafa ce kawai. Na taka wutsiyata na zauna daɓas, har a zaunen na ci gaba da ja da baya da hannuwa. Mutane suka fashe da dariya, wasu suka ɗaga waya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da hannuwanta a buɗe, ta daɗe a haka, tana jira in gama wasan. Kalma ɗaya da na ce da ta san muryata. Na buɗe baki, ban san ko dokar ce ta hana ni ko kunya ba, abin da ya fito dai hannu ne, na ɗaga mata. Sai ta sauke nata a hankali. Gwaggonta ta zo ta ɗauke ta, ba ta yi kuka ba, ta kifa fuska a kafaɗarta.

Na ƙarasa aikin yamma. Amfanin kan nan ɗaya, babu mai ganin fuskarka.

Lahadi, 4 ga Oktoba

Mage ta zo bakin ƙofa da safe, ba ta zuro yatsu ba.

"Baba, kai ka gaya wa Zaki?"

Na ce me?

"Ya daina taɓa ni."

Na ce a'a, akwai ciwo ne a gari, shi ya sa. Ta ce a jikinta yake? Na ce ko kusa. Ta ce, "A jikinka?" Na ce ban sani ba. A jikin Zaki? Na ce shi ma ba a sani ba. Ta ce, "To in ba a jikina yake ba, me ya sa ni ake gudu?" Na ce ta je ta karya.

Litinin, 5 ga Oktoba

A taron safe Madam Tazara ta nuna hoton faɗuwata a waya, ta ce ga misalin ma'aikacin da ya riƙe doka ko a ƙasa. Aka tafa min daga cikin da'irori. Telar filin ta raɗa mata wani abu daga nesa, ina jin cewa yarinyar 'yata ce, na ga Madam ta kashe wayar. Bayan an watse ta zo ta tsaya a tazararta, ta miƙo min robar man wanke hannu. Na tara hannu ta zuba min, don ban san me zan yi ba ni ma.

Laraba, 7 ga Oktoba

Dogo ya kira, muryarsa kamar an goga ta da yashi, amma ya tashi. Ya ce in gaya wa Manaja in ya dawo kansa daban yake so, ko na kwali ne.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Sakamako na biyu: babu. Wannan karon na sa nas ta maimaita, na ce in fito? Ta ce fito. In ɗauki 'yata? Ta yi dariya ta ce har ka goya ta.

Na yi wanka, na sa wankakkiyar riga, na fito falo na durƙusa na buɗe hannu. Na ce Mage, zo. Ta sauko daga kujera ta taho a hankali, tana zuwa bakin kafet ta tsaya. Ta ɗaga hannu tana kaɗa min, har da karkatar da kai gefe, sak yadda Zaki yake yi. Mamanta ta ce, "Je ki mana, Baba ya fito, ba abin da yake da shi." Ta kalli mamanta, ta kalle ni, sai kawai ta zabura ta taho a guje.

Ba zan ce ja da baya na yi ba. Tayil ɗin ne da santsi, ban goge ƙafata sosai ba bayan wanka, gwiwata ta ɗan zame. Kaɗan ne, ko taku bai kai ba. Hannun kuma ina jin na ɗaga shi ne don kada in faɗi.

Ta tsaya cak. Ta ce, "Ba komai, Baba," ta koma kujerarta. Mamanta ta shiga kicin ta buɗe famfo, ban ji tana wanke komai ba.

Gobe zan sake kiranta. Zan jingina bayana da bango tukuna.